Tsohuwar da Atto Ya Sa Cikin Jirgin Sama

Daminar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar yayana Attahiru, wanda duk Ƙofar Marke ta fi sani da Atto. Na so in yi abin da aka saba, in rubuta cewa mutumin kirki ne mai zumunci, in roƙa masa gafara, in ajiye alƙalami. Duk gaskiya ne, amma ba shi ya hana ni sakat a bana ba. Muryarsa ce ta hana ni. Mutum yana kwance a makwancinsa, muryarsa tana yawo a wayoyin jama'a, kuma akwai kunne ɗaya a duniya da na daɗe ina roƙon Allah kada muryar nan ta faɗa cikinsa, kunnen mahaifiyarmu, Inna.

Wanda bai san shi ba zai zaci mawaƙi ne ko mai wa'azi. Ko ɗaya. Da safe ɗan kasuwa ne, yana zaune a rumfar atamfa da shadda da Baba ya bar mana, yana auna yadi yana hamma. Da an yi la'asar sai ya rufe, ya hau babur ya nufi Unguwar Rogo, shagon abokinsa Sambo mai tura wa mutane fina-finai a waya. A bayan shagon akwai wani ɗan lungu da suka toshe da tsofaffin katifu don kada ƙarar titi ta shiga. Nan yake zama da kwamfuta da makirfo, zufa na tsiyaya, yana sa wa katun, wato fim ɗin zane, baki da Sakkwatanci. A rumfa ba ka jin kalma goma daga bakinsa, a lungun nan kuwa sai an roƙe shi ya yi shiru.

Katun ɗin da ya fitar da sunansa wani dogon labari ne mai kashi-kashi, daga wata ƙasa can nesa, na wasu mutane da gidansu da gonarsu da kasuwarsu duk jirgin sama ne. Ba irin jirgin da ke kai alhazai ba. Ƙaton kwalekwale ne rataye a ƙarƙashin wata ƙatuwar salka mai cike da iska, yana tafiya a hankali cikin gajimare. Sana'arsu farautar wasu dodanni masu fiffike, kowanne ya fi masallacin unguwarmu girma. Su harbe shi da mashi mai igiya, ya ja su ya ba su wuya, in an dace su kayar da shi, su ci nama, su sauko wani gari da fata da ƙahoni. Atto ya raɗa wa labarin suna Mahalban Sama. Dodannin kuma ya ce guzan sama ne, don a ganinsa guza ne kawai ya samu wuri ya yi fiffike.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Atto bai ji kalma ɗaya ta yaren mutanen nan ba. Turancin da ke gudu a ƙasan hoton kuwa ya ce kafin ya kamo kansa wutsiyar ta wuce. Don haka sai ya kashe sautin gaba ɗaya. Ya zauna ya kalli kashi guda shiru, ya sake kallo, yana duban fuska da hannu da yadda wannan ya harari wancan, har sai ya yanke wa kansa abin da ya kamata a ce suna faɗi. Sannan ya buɗe makirfo. Kiɗan ma tare da sautin ya tafi, bai kuma damu ba, don ya san a gidan da ya fito ba a son kiɗa. Fankar Sambo ce iska, tsohon kwanon rufi ne tsawa, kukan dodo kuwa kansa yake cusawa cikin bokiti ya yi ta gurnani har maƙwabta su leƙo. Duk maganar da ke cikin Mahalban Sama, daga farko har ƙarshe, daga cikin Atto ta fito.

Shugaban maharban ya zama Sarkin Jirgi Dikko, mai muryar 'yan kamasho. Duk lokacin da dodo ya fizgi jirgin sai ya daka tsawa, "Ku riƙe igiya, ɗiyan mutane!" A shekarun nan ba irin wurin da ban ji wannan magana ba, daga bakin 'yan kabu-kabu har matan da ke ɗaga tukunyar biki. In kuma an kayar da dodo, sai ka ji Sarkin Jirgi yana kiran a kawo wuƙa a yi bisimilla tun bai zama mushe ba, alhali a hoton ba wanda ya riƙe ko reza. Atto ya ce ba zai yarda yaran Sakkwato su zauna suna kallon mutane na cin mushe da yawunsa ba.

Sai kuma tsohuwar. A cikin jirgin akwai wata gajeruwar tsohuwa mai dafa abinci, kullum tana bakin tukunya ta ba kowa baya. Atto ya dube ta, ya sake dubawa, ya yanke cewa uwar Sarkin Jirgi ce, shi ne kuma ɗanta na fari. Ya ba ta muryar Inna. Ba ɗan kamantawa ya yi ba, kwashe ta ya yi duka, ɗan tarin da take yi kafin ta yi magana, yadda take jan "to" ɗinta, yadda take huce haushi a kan murfin tukunya.

Inna 'yar malamai ce. A gidan da ta tashi, ko kalanda in da hoton mutum juya ta ake yi ta dubi bango. Kunyar ɗan fari kuma ta riƙe ta yadda iyayenta suka riƙe, har ta ƙara da tata. Ban taɓa jin sunan Atto a bakinta ba. In da mu take magana, "magajinku" ne, in ta matsu kuma "wancan". Akwai wani mai kawo mana ruwa da ya yi rashin sa'ar sunansa Attahiru, shi ma ya rasa sunansa a gidanmu, ya koma "mai sunan wancan". In Atto ya shigo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya yi ƙasa da murya, ita kuma ta amsa wa bango. Amma duk ranar da aka kira magariba bai dawo daga Unguwar Rogo ba, sai ta yi ɗan tarin nan, ta tambayi duk wanda ke kusa, "Wancan ya komo?" In an ce ya dawo ba ta cewa uffan. Sai in ya buɗe kwanonsa ya tarar da tsokar da ta fi kowace girma.

To, wannan tambayar ce Atto ya ɗauka ya sa a bakin tsohuwar jirgi, gari ya ɗauka. Mu ƙannensa mun yi dariya har da riƙe ciki, ba zan yi ƙarya ba. Amma ni dariyata ba ta taɓa kaiwa ƙasa ba, don na ga wasu matan unguwa sun fara murmushi in Inna ta yi tari a wurin suna. Ɗa ya kwaikwayi uwarsa a gaban jama'a ba ƙaramin abu ba ne, balle ɗan fari, balle Inna, wadda duk rayuwarta ta tafi a kan kada a ji kada a gani. Na tare shi a zaure na ce masa, "Yaya, ran da Inna taj ji wanga abu, ina za ka sa kanka?" Ya yi dariya ya ce, "Luba ke nan, uwar tsoro. Inna da katun? Sai dai in liman yas sa shi ga lasifika." Ya tura babur ɗinsa ya fita.

Zazzaɓi ne ya kayar da shi a tsakiyar damina, muna cewa na sauro ne yau zai tashi gobe zai tashi. Inna ta je asibiti amma ba ta shiga ɗakin ba. Ta shimfiɗa ɗankwali a baranda ta zauna da carbi, jefi-jefi ta ce mini in shiga in duba. Da na yi fitowar ƙarshe ba sai da na yi magana ba. Ta yi salati, ta naɗe ɗankwalinta, ta ce a kai ta gida a share zaure. Ba wanda ya ga hawayenta a zaman makoki. Sau ɗaya dai, ana kiran magariba bayan mutane sun watse, na ji ta yi tarin nan ta ce, "Wancan ya..." sai ta tsaya. Daga ranar ba ta sake ɗaukar maganar ba.

Kun san yadda ake yi yanzu in mai fim ko mawaƙi ya rasu, a yi ta roƙon jama'a su goge hotunansa da ayyukansa don kada zunubi ya riƙa bin sa kabari duk lokacin da aka kalla. Wata mai zuwa gaisuwa, irin waɗanda ba su barin gidan mutuwa sai sun ajiye wani abu mai nauyi, ita ta kawo wa Inna wannan magana. Inna ta san yana wani wasa da zane-zane a Unguwar Rogo, ba ta taɓa tambayar ko wane iri ne ba. Bayan sadakar arba'in ta kira ni ɗaki. A ranar na fara jin ta yi doguwar magana a kansa, kuma duk a kan abu ɗaya ne: in bi duk inda abin nan yake in sa a shafe, kada a bar ɗanta da kaya yana kwance. Ta sa na yi mata alkawari. A tsawon rayuwarsa kunya ba ta bar ta ta yi masa komai a fili ba, wannan ne abu na farko da ta samu.

Na bi shaguna ni da Sambo, daga Unguwar Rogo har bakin kasuwa. Ba wanda ya ƙi, wasu har da fatiha. Sambo ya goge nasa a gabana yana share ido da hannun riga. Ni kuwa na koma gida da sauƙi biyu a zuciya. Na cika wa Inna alkawari, sannan tsohuwar jirgi ta tafi ba tare da sun haɗu da mai muryar ba. Abin da na fi tsoro ke nan tun farko. Zane da kallo, malamai na da magana iri-iri a kai. Fushin uwa a kan ɗan da ba zai iya tasowa ya durƙusa ya ba da haƙuri ba, wannan ban san inda ake kai shi a gyara ba.

Shekaru suka wuce lafiya. Matarsa ta yi wani aure, muna kuma zumunci. 'Yarsa ɗaya, da ya sa wa sunan Inna muke kiranta Ummi, an yaye ta ke nan ya rasu. Da ta isa shiga makaranta aka dawo mana da ita, tana kwana a ɗakin kakarta. Ba ta san muryar ubanta ba, hotonsa ma ɗaya ta taɓa gani, na katin shaida, wanda ya fito kamar an kama shi da laifi.

A bazarar bana ne, na taso daga makarantar da nake koyarwa na shiga keke a Sama Road, rana kamar ta fasa kai. Wani saurayi kusa da direba yana latsa waya. Sai kawai na ji, "Ku riƙe igiya, ɗiyan mutane!" Na ce wa mai keke ya tsaya. Ban kai rabin hanya ba, na sauka na laɓe a inuwar wani shago, mai shagon na tambaya ko ruwa zai kawo. Muryar Atto ce tsaf, sai dai an shimfiɗa mata wani kiɗa mai ratsa kai a ƙasa, irin wanda shi ya cire tun farko.

Washegari na je wurin Sambo. Ya ce ai abin bai taɓa mutuwa ba, mu ne muka zaci mun binne shi. Tun Atto na da rai ya bi direbobi da 'yan ci-rani ya shiga garuruwan da ba mu san sunansu ba. Yanzu wani ya tono shi, ya yanyanka gutsi-gutsi, ya sa kiɗa, ya zuba a dandalin nan na bidiyo da kowa ke leƙawa a waya. Wane ne, ba wanda ya sani. Na ce a goge. Sambo ya dube ni da tausayi, ya ce da can shago ake zuwa, yanzu kowane aljihu shago ne.

Nakan tambayi kaina abin da Atto zai ce da ya ga wannan zamani. Na san da farko sai ya yi kwana uku yana tafiya da ƙirji a gaba, don yana son a yaba masa, ba zan ɓoye ba. Bayan nan sai ransa ya ɓaci. Shi labari yake ginawa, a zauna a bi shi kashi bayan kashi, yara su cika gaban shagon Sambo suna gardamar ko igiya za ta tsinke. Yanzu kowa shi kaɗai da wayarsa, ya kalli guntun da bai kai a sha ruwa ba, ya yi dariya, ya ture da yatsa. Ba su san wane ne Dikko ba, ba su san me ya kai shi sama ba, balle su san akwai wani mai sayar da atamfa da ya cusa kansa a bokiti dominsu. Kiɗan kuwa na tabbata da sai ya nemi wanda ya sa shi sun yi ta. Abin da ban sani ba shi ne ko da zai ji tsoron da nake ji, ko kuwa dariya zai sake yi mini.

Wata abokiyar aikina mai jin Turanci sosai ta so ta kwantar mini da hankali, ta nemo ainihin katun ɗin da fassararsa muka kalla a ofishin malamai. Da ma ba ta nemo ba. Tsohuwar nan ashe ba uwar kowa ba ce, 'yar aiki ce da aka ɗauka a wani gari. Wurin da Atto ya sa ta tana cewa "Wancan ya komo?" tambaya take ko wani ya ga ludayinta. Abokiyar tawa ta yi ta dariya. Da can ina da 'yar mafaka, in ce ai fassara ya yi, haka masu abin suka tsara. Yanzu ba wannan. Shi ya ɗauko uwarsa da hannunsa ya sa ta cikin jirgin.

Ban daɗe ina wannan zullumi ba abin ya shigo gida da ƙafarsa. Wata ranar Alhamis da hantsi Ummi na wasa da gwangwanaye a gindin dogon yaron tsakar gida, Inna na zaune kan tabarma tana tsince shinkafa da lalube, don idonta ya yi rauni. Sai yarinyar ta juya mana baya, ta duƙa kan gwangwaninta, ta yi ɗan tari, ta ja murya ta ce, "Wancan ya komo?" Hannun Inna ya tsaya a cikin faranti. Ta tambaye ta inda ta samo wannan magana. Ummi ta ce a katun ɗin jirgi, a wayar yayar ƙawarta, wata tsohuwa ce mai ban dariya ke faɗi.

Ni ban iya ɓoye-ɓoye ba, fuskata ke tona ni. Na faɗa wa Inna abin ya dawo, na kuma faɗa wa Ummi ko muryar wane ne take kwaikwayo. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai bi ni har ɗaki tana tambaya ko duk muryoyin nasa ne, har da dodon. Abin da Inna ta ce kawai, "Wa ad da shi yanzu? Ki tahi gidanai, ki kai mishi goro, ki ce tsohuwa na roƙon arziki." Har ta kwance bakin zane ta ba ni goron. Na yi ta bayani cewa ba gida, ba zaure, ba mutum ɗaya da za a durƙusa wa. Ta ce ba abin da ke yawo a duniya ba shi da mai shi, in dai bincika. Goron yana nan a jakata har ya bushe.

Daga nan ta fara ramewa. Abinci sai an yi da gaske, magana sai dole. Na je wurin Kawu, ƙanenta, wanda ke karantarwa a zauren gidansu. Ya ce wanda ya sa kiɗa shi ya ɗauki kayansa, mamaci ba ya ɗaukar abin da aka ƙara bayansa, amma zane dai zane ne, barinsa ya fi. Na tambayi wani malamin na Islamiyyar su Ummi, ya ce in ba batsa ba saɓo a ciki bai ga abin tayar da hankali ba. Na gode musu duka biyun. Ba wanda na iya yi wa tambayar da ke cina, don ban san yadda ake buɗe baki a ce wa malami ina tsoron uwata ta yi fushi da gawa ba.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ta kira ni. Tana zaune a gindin dogon yaro, Ummi na gefenta. Ta ce, "Kawo shi in jiya da kunnena. In san girman abin da aka ta aza mishi." Na ce to, bari in nemo wani kashi mai kyau, ina nufin wanda tsohuwar ba ta fito sosai ba. Ta ce a'a, na tsohuwar nan da yarinya ke kwaikwayo take so. Inna idonta ne ya yi rauni, ba hankalinta ba.

Sambo ya riga ya samo mini na Atto na asali marar kiɗa daga wani tsohon mai saye da bai taɓa gogewa ba. Na miƙa wa Ummi wayar. Inna ta juya ta fuskanci bango, ba za ta kalli zane ba, saurare kawai za ta yi. Haka take zama in Atto ya zo gaisuwa.

Kashin da hadari ya rutsa da jirgin ne. Fankar Sambo na kaɗawa, kwanon rufi na tsawa, dodo na gurnani daga cikin bokiti. Sarkin Jirgi ya bi igiya ya sauka kan bayan dodon, igiyar ta tsinke, gajimare ya haɗiye su. Sai ga tarin. Na ga kafaɗar Inna ta motsa. "Wancan ya komo?" Ba wanda ya amsa wa tsohuwar. Ta buga murfin tukunya, ta yi wa wani faɗa a kan itace, ta sake tambaya. Ni dai ina duban ƙasa ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Akwai wurin da na manta da shi sam, ko kuma a da dariya ta hana ni ji. Kowa ya fita ya bar tsohuwar ita kaɗai, hoton bai nuna komai ba sai bayanta da tururin tukunya. Wani mai fassarar da shiru zai bari. Atto bai bari ba. Ya sa ta tana addu'a ƙasa-ƙasa, irin wadda Inna ke yi mana in za mu yi tafiya, ta Allah ya tsare gaba ya tsare baya ya maido da ƙafa inda ta fito. A ƙarshen addu'ar, da murya kamar numfashi, tsohuwar ta kira sunan ɗanta sau ɗaya. Can sai ga Dikko an jawo shi jina-jina. Ba ta juyo ba, ta dai turo masa kwano da gefen hannu. Wani daga cikin maharban ya tsokane shi, ya ce wace irin uwa ce wannan, ko sannu babu. Sarkin Jirgi ya buɗe kwanon, ya yi 'yar dariyar nan ta Atto da ba ya yi a gaban Inna, ya ce, "Kowa da irin kiran da uwatai ka yi mishi. Ni nawa cikin kwano shike."

Kashin ya ƙare. Inna ba ta juyo ba. Na riga na shirya abin da zan ce, cewa ƙuruciya ce, cewa ta yafe masa don Allah, har na fara durƙusawa a madadinsa. Sai na ji ta ce wa bango, "Ashe ya sani."

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ce wa Ummi ta mayar da shi baya, wurin kwanon. Na ce, "Inna, alkawarin fa?" A nan ne ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Bar ma yarinya ubanta. In da zunubi ciki a aza min shi, ni as saurara."

Na san abin da Kawu zai ce, ba mai ɗaukar kayan wani ranar gobe. Ita ma ta sani, ta fi ni sani nesa ba kusa ba. Amma ta faɗa, kuma ba da wasa ta faɗa ba. Kuna iya zaton daga nan hankalina ya kwanta. Fushin da na yi shekara bakwai ina gudu bai zo ba, na gode wa Allah. Sai dai da ina jin tsoro saboda mutum ɗaya, yanzu saboda biyu nake ji. Gutsattsarin nan masu kiɗa suna nan suna yawo, ban da ikon tsayar da ko ɗaya. Ban san yadda za a auna wa Atto aikinsa ba, ban kuma san yadda za a auna wa tsohuwar da ta bar abin da ta tashi a kai, a ƙarshen rayuwarta, don ta ji ɗanta yana dariya ba. Wanda ya sani shi ne Mai rahama, gare shi na bar su.

Rumfar atamfa ƙanenmu ke riƙe da ita, an sake mata fenti, masu saye da yawa ba su san an yi wani Atto a wurin ba. Lungun bayan shagon Sambo ya zama wurin ajiye janareta. Abin da ya rage shi ne abin da muka bi gari muna gogewa. Ba zan sake cewa ku goge ba, na ga iyakar wannan. Roƙona, in kun ci karo da Sarkin Jirgi yana cewa a riƙe igiya, ku san mai muryar sunansa Attahiru, ɗan Ƙofar Marke ne, yana da uwa da 'ya a raye, ba kuma shi ya sa kiɗan ba. Ku yi masa addu'a kafin ku ture da yatsa. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya yi don faranta wa yara rai ya fi nauyi a kan abin da muke tsoro.

Inna ta koma cin abinci, ba da yawa ba. Har yau ba ta kalli hoton ba, har yau kuma sunan bai fito daga bakinta ba, a gabanmu dai. Shekaranjiya ana shirin kiran magariba ina wanke kwanoni, na ji ta yi ɗan tarin nan, ta ce, "Wancan ya komo?" Ban sani ba ko zolaya take ko tsufa ne ya fara taɓa ta. Ummi ba ta tsaya wannan tunani ba. Ta tashi ta ɗauko wayar, ta zauna kusa da kakarta ta ce ya komo.